Goma a Raba Uku

Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli
a wannan aji mai taga ɗaya da rabi.
Da tsakuwa na fara, da 'ya'yan tsamiya,
da guntayen kara da yara ke ɗaurowa
goma-goma da zaren buhu.

Bana aka aiko mana kwamfuta huɗu daga Dutse.
An yi taro, an yi tafi, an ɗau hoto,
mai unguwa ya shafa gilashin ya ce tubarkalla.
Wuta kuwa, turakunta sun gaji a bakin gada,
ba su ƙaraso ba.
Suna nan a ofishin hedimasta cikin kwali,
gara ta riga mu fara karatunsu.

Abin da ya iso hannuna kalkuleta ce guda,
'yar mai shan hantsi kamar ƙadangare.
Ɗalibai sittin da bakwai.
Haka take yawo daga benci zuwa tabarma
kamar moɗa a bakin rijiya,
lambar bakwai har ta goge don dannawa.

Ran Laraba na ce: goma a raba uku.
Tasi'u ya goge yatsa a riga, ya danna.
Ya yi shiru. Ya girgiza ta a kunne.
"Malam, ta ƙi tsayawa.
Uku, ɗigo, uku, uku, uku,
har bakin gilashi."
Na ce wuri ne ya ƙare mata,
da da fili da ta ci gaba.
"Har ina, Malam? Har Maigatari?"
Na ce har a naɗe ƙasa.

Can baya, inda rufi ke yoyo,
Barira ta ɗaga hannu, ba ta saba ba.
"Awakin kakata goma ne cif,
'ya'yanta uku.
Wa ya taɓa ganin ɗigo uku na akuya
yana cin harawa?"

Aji ya kwashe da dariya.
Ni ma na dara, amma alli ya tsaya mini a hannu.
Na ce a tafi da shi gida.

Washegari ta zo da saƙo daga Iya Gambo,
mai awon riɗi a kasuwar Gujungu,
wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba,
amma ba a taɓa cin ta ko rabin tiya ba.
Ta ce a gaya wa malam da 'yar na'urarsa:
kowa ya ja uku.
Ta goman a bar ta a turke, ai da ciki.
In ta haifi biyu sun zama uku,
sai a sake zama.

Na raba allo gida biyu.
Hagu na jera ukun nan marasa iyaka
har alli ya kai ga katako.
Dama na zana akuya, ba ta yi kyau ba,
yara suka ce ta fi kama da jaki.
Na ce wannan na jarrabawa ne, ku riƙe shi.
Wancan kuma, kada na ji wanda ya manta.
Tasi'u ya ce, in ta haifi ɗaya fa?
Muka ci rabin awa a kan wannan,
har aka buga ƙarfen tashi ba wanda ya motsa.

Da dare, bayan lisha,
na ɗauko ta daga aljihu, na haska mata tocila.
Na sa albashina, na raba talatin.
Ta ba ni amsa nan take, ba kunya,
da ɗigonta da 'yan ukunta a baya.
Na sake dannawa ko ta yi kuskure.
Ba ta yi ba.

Na leƙa turke.
Tunkiya ɗaya ce, tana tuƙa,
ita ma ba ta da ciki.